Kwaɗon da Na Zaɓa wa Famfo

Kwaɗon da ke maƙale a famfon gidan ɗana Djibril, a Zongon Sokodé, ni na zaɓe shi, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi ƙarfi ba. Ni Sadi, da na ƙarar da ƙuruciyata a cinikin shanu a Dapaong, in ban san komai ba na san kwaɗo mai kyau.

Ranar da takardar kuɗin ruwa ta zo, wadda a nan muke kira faktir, Djibril a tsaye ya fara karanta ta, ya ƙarasa a zaune a kan turmi. An ƙara kuɗin ruwa, an kuma liƙa wani sabon kuɗi na gyaran kwata. Unguwa ta ɗauki surutu. A masallaci zancen ke nan, a wurin mai shayi zancen ke nan. Ni kuwa da ba a tambaye ni ba, na gyara murya na ce, "Matan maƙwabta ne suke shigowa suna ɗiba. A sa wa abin nan kwaɗo." Djibril ya ce Baba ya kawo shawara. Na ji daɗi har cikin raina. Na saka babbar riga na tafi kasuwa, na ƙwanƙwasa wannan, na jijjiga wancan, na ɗauko wanda ko guduma sai ta yi da gaske.

Ciwon suga ne ya kawo ni Sokodé, don asibiti ya fi kusa da gidan Djibril. Ga wanda bai san ciwon nan ba, to ciwon ya mayar da ni randa mai huda: a zuba ta sama, ya fita ta ƙasa. Ƙishirwa ba ta sakina. Kuma tun da faɗin gaskiya na zauna yi, ba kullum nake kaiwa bayi a kan lokaci ba. Tsohon da ya taɓa kora garke daga Dapaong zuwa kudu a ƙafa, yau tsakar gida ce take yi masa nisa. Saboda haka ina shan ruwa da yawa, ina wanke wando da yawa.

Da farko mabuɗin yana rataye a ƙusa, a ƙofar kicin. Da faktir na gaba ya zo bai ragu ba, sai mabuɗin ya koma cikin zoben mabuɗan Djibril, kusa da na babur. Da safe ya buɗe, a tara ruwa, ya kulle, ya tafi shagonsa na kayan gyaran babur. Sai magariba.

"Baba, daga yau kowa bokiti ɗaya," ya ce da ni. "Har ni."

Gaskiya ya faɗa, shi ma ɗaya yake ɗauka. Baburinsa ne yake samun biyu, don ana wanke shi kowace safiya har cikin taya. Matarsa Salamata kuma ana cika mata ganga, saboda zoɓo da ƙanƙarar da take sayarwa.

Na ce, "Djibril, bokitin nan ne sha, shi ne alwala, shi ne tsarki, shi ne wanka, shi ne wankin wando?"

"Baba, babur ne yake kawo abinci gidan nan. Zoɓo ne yake biyan makarantar yara. Ka yi haƙuri, abin ba daɗewa zai yi ba."

Na duba, na ga ni ba na kawo abinci, ba na biyan makaranta. Na ɗauki bokitina.

Da na zauna da bokitin nan, sai na ga dole ɗaya ya haƙura, ko maƙogwaro ko wando. Na zaɓi wando ya samu. Dalili kuwa, ina da wuri a sahun farko na masallacin unguwa, kusa da abokina Tijjani, tsohon direban babbar mota. Shi ne abu ɗaya da ya rage mini da ake cewa nawa ne a garin nan. Ba zan tsaya a wurin ina wari ba. Sai in wanke wando tsaf, in shanya a bayan ɗaki inda jikokina ba za su gani ba, in jiƙa leɓe da abin da ya rage.

Ana haka mutanen unguwa suka kafa kwamiti don kai kuka a kan ƙarin kuɗin ruwa. Wa aka zaɓa shugaba? Ɗana. Daga ranar ba a kiransa sai Prezidan. Ni ma in na bi layi sai a ce ga baban Prezidan, in ƙara gyara hula.

Ranar da mutanen hukuma suka zo sauraron kukan jama'a a filin makaranta, Djibril ya ce in sa farar rigata. Ya ɗauke ni a babur mai ƙyalli, ya zaunar da ni a kujerar gaba, ya danƙa mini gorar ruwa mai sanyi. Mata suka yi magana, masu wanki suka yi magana, wani mai sayar da koko ya ce zai rufe. Sannan Prezidan ya miƙe, ya nuna ni.

"Ku dubi mahaifina. Dattijo ne, ba shi da lafiya, likita ya ce ya riƙa shan ruwa sosai. Da me zai sha? Da me zai yi alwala? Duk wanda ya hana tsoho ruwa, Allah zai tambaye shi."

Aka yi tafi. Ni ma na tafa, har da ƙwalla. Wallahi maganar ta shige ni, na zauna ina tausayin tsohon nan da ake magana a kansa, sai da muka kama hanyar gida na tuna wanda yake riƙe da mabuɗi. Gorar kuwa tun kafin ya kai rabin jawabin na ga ƙarshenta.

Ƙishirwa ce ta koya mini dabara. A wurinmu, baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai an ba shi ruwa. Ko faktir ya kai ina, babu gidan da zai bar wannan. Baƙon da ya san ya kamata kuma kurɓa yake yi, ya mayar da kofi da sauran ruwa a ciki, don a san ba ruwan ne ya kawo shi ba. To ni sai na zama mai zumunci. Na duba marasa lafiya, na yi barka da haihuwa, na yi gaisuwar mutanen da suka rasu tun bara. Duk inda aka miƙo kofi, sai na ga gindinsa. In na mayar, yarinyar da ta kawo ta leƙa ciki ta dube ni, ni kuma in dubi rufin ɗaki in tambayi lafiyar maigida.

Gidan Tijjani na fi zuwa, don shi kofinsa babba ne. Wata rana na shanye, na ajiye, na ce, "Ya ƙafar?"

Ya ce, "Sadi, ƙafar nan ta warke tun azumi. Kullum kana zuwa duba ta. Ko likitan da ya ɗora ta bai damu da ita haka ba."

"Zumunci laifi ne?"

"Zumuncinka da randata ne, ba da ni ba." Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya dubi leɓena. "Me ake yi maka a gidan nan?"

Na ce babu komai, zafi ne. Ya ƙyale ni. Ya sa aka kawo tulun gaba ɗaya aka ajiye kusa da ƙafata, ya ce in akwai abin wanki ma in riƙa kawowa. Na ce Allah ya kiyaye. In ɗauki wandona in kai gidan wani, ai na tsiraita ɗana a unguwa. Ka ji ni fa. Leɓena ya tsage, amma mutuncin Prezidan nake gadi.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Tun da kana son ruwa haka, ranar da na mutu kai za ka zuba mini ruwan wanka. Na gaya wa liman." Na ce ni zan riga shi. Muka rabu muna tsokanar juna.

Abin bai ɓoyu ba. Salamata ta je injin niƙa, wata ta tambaye ta ko surukinta raƙumi ne, da yake bin gidaje yana shanye musu randa. Ta dawo ta ajiye ƙullu, ta jira mijinta. Da magariba Djibril ya shigo ɗakina bai ko zauna ba.

"Baba, so kake ka tona mini asiri? Ni da nake gaban jama'a a kan maganar ruwa, a ce ubana yana yawon roƙon ruwa?"

"Ban roƙa ba. Ba ni ake yi."

"Daga yau ka zauna a gida. Masallaci kawai. Likita ma ya ce ka rage yawo a rana."

"To a ƙara mini ko rabin bokiti."

"In na ƙara maka, yara ma za su ce a ƙara musu. Kuma na tambayi liman. Ya ce mai lalura irin taka addini ya yi masa sauƙi, ba sai ya yi ta wanke-wanke ba. Kai ne kake wahalar da kanka."

Na ce, "Allah ya yi mini sauƙi, na sani. Hancin wanda yake kusa da ni a sahu fa, shi ma liman ya yi masa magana?"

Ya ce ba ya son gardama, ya fita. Na tabbata bai gaya wa liman akwai famfo a tsakar gidan ba.

Da aka rufe mini hanyar zumunci, bokitin ya koma na sha. Wando ya shiga wahala. Na roƙi Salamata ta riƙa bar mini ruwan ɗaurayar kayan yara. Ta ce, "Baba, da shi nake wanke bayi, in na ba ka sai in taɓa na zoɓo, kuma ka san halin ɗanka." Wani lokaci ta bari, wani lokaci ta manta. Ba muguwa ba ce, tsoro take ji, kuma tsoron bai hana ta sayar da ƙanƙara ba. Na koma fesa turare a kan abin da ruwa ne kaɗai maganinsa. Wanda ya taɓa gwada wannan ya san abin da yake haifarwa.

Wata Juma'a, muna cikin sahu, mutumin da ke haguna ya ɗan matsa. Na ce ko wuri yake ba ni. Da muka zauna tahiya na ga ya kai hannun riga hancinsa. Tijjani da ke damana bai motsa ba, ya ma ƙara matso kafaɗarsa. Amma na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Washegari na koma sahun baya. Daga nan na koma baranda, wajen takalma. Daga nan na ce ƙafata tana ciwo, na riƙa salla a ɗaki. Tijjani ya zo har gida, Salamata ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, ya miƙo mini ya ce shi ya ƙoshi. Ya ce zai yi wa Djibril magana. Na rantse masa in ya yi, ba ni ba shi.

'Yata Nafissatou tana kirana daga Dapaong, inda take aure. "Baba, ya jiki? Kana shan ruwa kamar yadda likita ya ce?" Sai in ce, "Ke, nan fa famfo ne a tsakar gida, ba irin naku ba." In ajiye waya harshena yana manne da dasashi.

Sai Tijjani ya riga ni. Da safe ya ce ƙirjinsa, kafin hantsi ya cika.

A unguwarmu, in aka yi rasuwa, maƙwabta ruwa suke fara aikawa, don wanka da girki da alwalar masu gaisuwa. Djibril ya dawo daga shago a guje, ya cire kwaɗo, ya jona tiyo, ya buɗe ƙofar gida duka biyu. Mata suka yi layi da baho da jarka. Yana tsaye yana cewa, "Ku ɗiba, ku ɗiba. Ruwan mamaci ba a auna shi, lada ne." Ruwa yana ambaliya yana bin tsakar gida har ƙofar ɗakina.

Liman ya aiko a kira ni, saboda wasiyyar Tijjani. Na dubi wandon da ke jikina, na dubi wanda ke bayan ɗaki, babu na zaɓe. Na ɗauki bokitina na shiga layi a bayan wata mai baho. Da na iso gaba, Djibril ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Baba, wannan na gidan rasuwa ne. Naka an ɗiba da safe. Kada mutane su ga kamar muna cin moriyar mutuwa."

Na janye bokitina. Haka na tafi, da turare.

A ɗakin wanka, liman yana cuɗawa ni ina zubawa. Na ɗebo rabin moɗa na tsiyaya a hankali, yadda hannuna ya saba. Liman ya ɗago ya ce, "Malam Sadi, cika moɗar. Ba a yi wa mamaci rowar ruwa." Na cika. Na zuba a dama, na zuba a hagu, aka sake, aka kuma sakewa. Ruwa mai kyau, mai sanyi, yana gangarowa daga jikin abokina yana bi ta kan ƙafafuna. Na yi kuka, kuma ba zan ce duka na rashin Tijjani ba ne. Har da hassada. Ban taɓa zaton zan yi wa gawa hassada ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna a tabarmi a ƙofar gidan. Ni na zauna can gefe, inda iska take kaɗawa ta tafi da abin da ke jikina. Mutane suna ta sa wa Djibril albarka. Wani ya ce duk tsadar nan Prezidan ya buɗe famfo tun safe, irin wannan ɗa sai an tona. Djibril ya sunkuyar da kai yana cewa ai yi wa kai ne.

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe. Na ce, "Malam liman, ina da tambaya. Bokiti nawa ake wanke mamaci da shi?"

Ya ce, "Ba a ƙayyade ba. Duk abin da zai tsarkake shi."

"A kan wa yake?"

"A kan iyalinsa, 'ya'yansa su ne gaba."

Na juya wajen ɗana. "To Djibril, ka ji. Akwai ruwana a wurinka, wanda ba a aunawa. Ina son rabinsa yanzu, in wanke wando in koma sahu. Ranar da na mutu ku wanke ni da abin da ya saura. Ba zan yi ƙorafi ba."

Wasu suka fara dariya, sun ɗauka irin tsokanar da muke yi da marigayi ce. Da suka ga ban yi ba, dariyar ta mutu. Liman ya dubi Djibril. Mutumin nan da ya taɓa kai hannun riga hancinsa ya dubi ƙasa. Djibril ya yi murmushi ya ce, "Ku yi masa uzuri. Tsufa ne, kuma sugan yana taɓa masa kai." Ya zo ya kama hannuna a hankali, kamar ɗan kirki, ya kai ni gida. Muna shiga ya naɗe tiyo, ya mayar da kwaɗo. Na ji ƙarar rufuwarsa, ƙas, irin ta kwaɗo mai kyau.

Ba a yi sadakar bakwai ba aka ɗaure mini kaya. Djibril ya ce ya yi tunani, iskar Dapaong ta fi dacewa da jikina, kuma Nafissatou ta daɗe tana kewata. Asibitin da aka kawo ni dominsa ba a sake ambatonsa ba. Ya kai ni tasha a babur, ya saya mini wuri kusa da ƙofa, ya gaya wa direba da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Mahaifina ne, ka kula da shi." Na ƙi shan komai a hanya don kada in kunyata a cikin mota.

Gidan Nafissatou ba famfo. Daga rijiyar burtsatse take ɗaukowa a ka, can bayan kasuwar dabbobi, kuma a can ma kuɗin baho ya tashi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa. Na sha rabi. Ban san lokacin da hannuna ya tura kwanon bayana ya rufe shi da hula ba.

"Baba, me kake ɓoyewa?"

"Na wando ne," na ce.

Ta dube ni, ta dubi leɓena, ta dubi kayan da ke jikina. Ta tashi ta jawo randar da kanta har gabana, ta tsoma kwanon ta cika, ta riƙe mini shi a baki kamar yaro, tana kuka. Da yamma na ga wandunana duka a kan igiya, a tsakiyar gida, inda kowa yake gani. Na ce ta mayar da su baya. Ta ce, "Wanki ne, Baba. Kowa yana yi."

Yanzu ina salla a masallacin unguwarsu. Ban kai sahun farko ba, amma na bar wajen takalma. Na ji an ce kwamitin su Djibril yana nan yana fama, kuma ina yi musu fatan nasara, don ƙarin nan ya yi wa talaka nauyi, ba ƙarya suke yi ba. Abin da na gani kawai shi ne, in tsada ta shigo gida, ba a kan kowa take sauka daidai ba. Tana wuce babur, ta wuce ganga, ta nemi wanda ba ya kawo komai kuma ba zai yi ƙara ba. Duk mai zuwa taro ya ɗaga murya a kan kuɗin ruwa, in ya koma gida ya leƙa bokitin tsohon da ke ɗakin baya.

Kwanan baya Salamata ta kira Nafissatou, ina kusa ina ji. Ta tambayi jikina, sannan ta shiga kukan faktir. Wai sabo ya zo, na watan da ba na nan, kuma bai ragu da komai ba, Djibril har ya ce ko dai bututu ne yake yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Na zauna ina lissafin ƙishirwar da na sha, da sahun da na bari, da wandon da na wanke Tijjani ina sanye da shi. Ashe duk bai motsa takardar ba. Har na ɗan ji haushi. Na ɗauka na fi haka tsada.